Malam Haladu da Geron da Kwaleji Ta Ce a Mayar

Da kakar bana Malam Haladu ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Abin da na saba duk shekara shi ne in je gidansa in gaida iyali, mu yi masa addu'a, in dawo in ja bakina in yi shiru. Shi kansa bai taɓa ganin amfanin rubutu a jarida ba. Yakan ce mu malaman adabi mun ƙware wajen ɗauko maganar da za a gama a tsaye, mu nema mata kujera. Bana dai shirun ya gagara. A kwalejin da muka yi wa aiki tare a nan Dutse, an sa wani ɗalibi mai suna Nafi'u, wanda zango ɗaya tak ya rage masa ya gama, ya zaɓa tsakanin karatunsa da wasu dammunan gero. Ba zan kama sunan kwalejin ba. Masu abin sun san kansu, sauran makarantun kuma kada su yi saurin murmushi, don irin dokar tana kwance a aljihun teburinsu su ma.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Haladu shi ne malamin wasanni na kwalejin, ni kuma ina koyar da adabi a ofishin da ke jingine da nasa. Bango ɗaya ya raba mu, bangon kuma bai taɓa hana komai ƙetarowa ba, daga warin man zafi har tsawar da yake daka wa yara. Ɗan gidan malamai ne daga wajen Garki. Ya yi sauka tun yana ƙarami, kowa ya ɗauka shi zai gaji buzun mahaifinsa, sai ga shi ya ɓige da gajeren wando da usur a wuya. Tsohon ya yafe wa ɗan, amma har ya koma ga Allah bai yafe wa wandon ba. Ƙwallo yana koyarwa, gudu yana koyarwa, amma ransa na wajen kokawa.

Da aka shigar da wasannin gargajiya cikin gasar kwalejoji, sai kwalejinmu ta tsinci kanta cikin arzikin da ba ita ta shuka ba. 'Ya'yan manoma daga Aujara da Jahun da ƙauyukan da ke tsakani, waɗanda suka iya kayar da juna a kan yashi tun kafin su iya haɗa baƙi, su suka cika kabad ɗin ofishin shugaba da kofuna. Kwaleji ta nuna godiya: duk wanda ke wakiltarta a wasa an ɗauke masa kuɗin makaranta da na ɗakin kwana. Sai dai da sharaɗi. Ba zai karɓi ko kwabo ba, ko wani abu mai daraja, daga wasan da ya yi a waje. In ya karɓa, a cire shi daga ƙungiya, rangwamen kuma ya bi shi.

Na taɓa bin diddigin wannan doka a littattafai, don bin diddigi ciwo ne da ritaya ba ta warkarwa. Asalinta Ingila, inda 'ya'yan masu gidaje da gandaye suka zauna suka yanke cewa yin wasa don a biya ka ƙasƙanci ne. A wajen kansu sun yi gaskiya, tunda babu wanda ya taɓa kwana da yunwa a cikinsu. Mu muka ɗauko ta yadda take, muka rataya wa ɗan da uwarsa ke surfe a gidan mutane. Yanzu ina ji a rediyo cewa can Amurka, inda aka fi kowa ɗaure mata gindi, sun sassauta, ɗalibi yana cin moriyar sunansa da hotonsa. Mu har yau muna goge mata ƙura muna mayar da ita mazauninta.

Wanda bai taɓa tsayawa a filin kokawar kaka ba zai ce ai abin mai sauƙi ne: ka yi wasanka, in an miƙo maka abu ka ce ka gode, ka ƙi karɓa. A fili ba a haka. In ɗan kokawa ya kayar da abokin karawarsa, 'yan kallo sukan yi masa kari, wato kyautar da ake yi a bainar jama'a. Wani ya ba da kuɗi, wani yadi, manomi kuwa dami. Sanƙira, mai yi wa makaɗa shela, shi zai ɗaga murya ya faɗi sunan mai bayarwa da abin da ya bayar. Ka ce ba ka so bayan an ambaci sunan dattijo a gaban garinsu, to ka mare shi ke nan.

Akwai kuma abin da sanƙira ba ya faɗi, amma kowa ya sani. A ƙauyukanmu akwai gidajen da rumbunsu ba ya kaiwa damina, masu gidan kuma sun gwammace su ɗaure ciki da a ce an kawo musu taimako. Maƙwabta sun san su. Sai a jira ranar da ɗan gidan ya kayar da wani a fili, a yi masa karin da ya fi kayen nauyi. Gero ya shiga gida ta ƙofar gaba, da kiɗa, uwa ta rangaɗa guɗa, ba wanda ya sunkuyar da kai. Ni dai ban san wata hukumar jin ƙai da ta taɓa ƙirƙiro dabara mai ladabi kamar wannan ba.

Malam Haladu ya san duk wannan, ya kuma san dokar, sai ya samo hanyarsa. A al'adar fili ɗan kokawa yana iya samun ubangidan da zai tsaya masa, kari ya bi ta hannunsa. Duk inda yaransa za su yi wasa da kaka, sai ka gan shi a bakin fili a kan tsohon babur ɗinsa. In an yi kari, sanƙira ya ce an bai wa Malam Haladu saboda yaronsa wane. Shi zai karɓa, shi zai ɗaure a bayan babur, shi zai sauke a zauren gidansu yaron. Doka ta kwana lafiya, gida ma ya kwana da tuwo.

Wata safiya na tare shi a bakin ofis, rigarsa duk ƙaiƙayi.

"Koci, yau kuma jakin wane gari ne kai?"

"Na Aujara, Malam Nahawu. Jibi na Jahun. In kana da saƙo kawo, ba na karɓar tukwici."

"Ka san dai zagaye kake yi wa doka."

"Gara in zagaye ta da in taka ta, tsohuwa ce." Ya kaɗe kafaɗarsa, sannan dariyar ta ɗauke. "Babana da kuɗin Laraba ya ciyar da mu, ɗan abin da iyayen yara ke kawo wa malami duk mako. Ba wanda ya taɓa cewa karatunsa ya gurɓace. Yaro ya zubar da gumi a gaban mutanensa, sun ji daɗi sun ba shi, sai a ce ya ɓata wasa. Wasan wa?"

Ba ɓoye maganar yake ba. Duk taron malamai na farkon shekara sai ya ɗaga hannu ya ce a gyara dokar, duk shekara kuma shugaba ya ce za a duba. Hukumar kwaleji ta san da babur ɗin sarai. Ta fi kowa jin daɗinsa, don ya ɗauke mata wahalar tunani. An yi ta dubawa har Malam Haladu ya kwanta ciwon da bai tashi ba.

Bayan rasuwarsa babu wanda ya hau babur ɗin. Wanda ya gaje shi mutumin kirki ne, takardunsa sun fi na marigayi yawa, amma kaka a wajensa lokacin hutu ce. Yara suka ci gaba da zuwa fili a ɓoye, suna karɓa a ɓoye, gwargwadon yadda za a iya ɓoye abin da aka yi shelarsa da kalangu. Hukuma ta ci gaba da rashin sani. Da Malam Haladu zai leƙo yau, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne yadda sanƙira ya koma aljihun kowa. Waya ce ta ɓata wannan tsohon zaman lafiya.

Nafi'u ɗan wani ƙauye ne a gefen Aujara, shi ne kuma gwanin kokawar kwalejin a waɗannan shekaru. Mahaifinsa ya rasu shekarar da ya shiga makaranta, ya bar mahaifiyarsa, Inna Hansai, da ƙannensa da gonar da bana ruwa ya ɗauke mata da wuri. A kokawar kakar garinsu Nafi'u ya kayar da wani baƙo da ake ji da shi. Alhaji Sale, dattijon unguwarsu, ya yi masa karin dammunan gero, irin karin da na bayyana a sama. Wani ya ɗauka a waya. Wata kwalejin da Nafi'u ya sha kayar mata da yara ta turo wa tamu bidiyon, tare da gaisuwa da fatan alheri. Aka kafa kwamiti.

Yadda maganar ta iso ni ma abin dubawa ce. Inna Hansai ba ta san kowa a Dutse ba, amma ta taɓa ji a bakin mijinta cewa matsalar ɗan kokawar kwaleji gidan Malam Haladu ake kai ta. Ta san mai gidan ya rasu. Ta zo ne don ba ta da wata ƙofar. Hajiya Rabi, matar marigayi, ta sa su a adaidaita ita da ɗanta, ta rako su har zaurena.

"Malam, ga baƙin abokinka," in ji ta. "Shi ya tafi, kai ka rage. Sai ka san yadda za ka yi da su."

Na sa babbar riga na tafi wajen shugaban kwamitin. Dakta ne yanzu, amma na koyar da shi, na kuma san irin rubutunsa. Ya tarbe ni da girmamawa, ya sa aka kawo ruwa, ya ce ai sun riga sun yi sassauci. Ba za a kori yaro ba, ba za a taɓa rangwamensa ba. Abu ɗaya kawai: ya mayar wa Alhaji Sale geronsa a gaban wakilin kwaleji, magana ta mutu. Yana faɗa yana murmushin mutumin da ya warware rigima.

"Dakta, kai ɗan ina ne?"

"Haba Malam, ka manta? Ɗan Jahun."

"A Jahun ka taɓa ganin an mayar da kari?"

Ya gyara zama. "Malam, ba ni na kafa dokar ba. Tarar da ita na yi."

"Ka tarar da wannan ofishin ma, amma na ga ka sauya labule."

Ya yi dariya saboda ladabi, ya duba wayarsa. Na fito na san ban ci komai ba. Na dai roƙi abu ɗaya, a bar ni in bi su ƙauyen ranar mayar da geron, aka ce bismilla.

Motar ƙungiyar wasanni aka ba mu, doguwar nan mai sunan kwaleji a jikinta, wadda ta sha kai Nafi'u gasa. Ni da jami'in kula da ɗalibai, wani matashi mai fara'a, da Nafi'u a kujerar baya yana kallon taga. Da hantsi muka shiga ƙauyen. Abin da babu wanda ya yi tunaninsa a ɗakin kwamiti shi ne yadda ƙauye zai karanta zuwan motar. Mutane suka ga motar makaranta ta tsaya a ƙofar gidan gwaninsu, suka ɗauka kwaleji ce ta zo yi masa nata karin. Kafin direba ya kashe mota an cika ƙofar gida. Daga cikin gidajen maƙwabta mata suka fara guɗa. Wani tsoho ya kama hannun jami'in da hannu biyu yana cewa Allah ya saka, ashe makaranta ta san mutunci.

A cikin wannan taro jami'in ya yi bayanin abin da ya kawo mu. Na tausaya masa, don shi ma aike ne. Aka aika a kira Alhaji Sale, ya zo yana dogara sanda, ya saurara har ƙarshe.

"Ɗana, ni na bai wa kwaleji gero?"

"A'a, Baba."

"To me ya haɗa ta da mayar mini?"

"Baba, doka ce. In ba a mayar ba, yaron zai rasa rangwamensa."

"In kun mayar, ina zan zuba shi?" Ya buga sanda a ƙasa. "A rumbuna? Geron marayu zan mayar rumbuna in ci? Ku kuna da hankali kuwa?"

Alhaji Sale da kansa ya ji abin da ya fita daga bakinsa, ya dubi ƙasa. Kalmar da aka ƙirƙiro kiɗa da sanƙira da guɗa duk don kada a furta ta, ga ta an furta a ƙofar gidan, da rana, a gaban unguwa. Inna Hansai tana tsaye a cikin zaure, ba ma ganinta, sai muryarta muka ji, a hankali.

"Nafi'u, fito musu da shi. Ban san sadaka ba ce."

Nafi'u ba mai yawan magana ba ne. Ya juya wajen zauren.

"Inna, ba sadaka ba ce. Mutum na kayar, duk garin nan sun gani." Sannan ya dubi jami'in. "Ranka ya daɗe, geron nan nawa ne, da ƙarfina na same shi. Ba ya zuwa ko'ina. A gaida Dakta."

Ya cire rigar ƙungiyar da ke jikinsa, ya ninke ta, ya ajiye a kujerar mota, ya shiga gida. Muka dawo Dutse da mota wayam. Jami'in bai ko kunna rediyo ba.

Sauran labarin ya tafi yadda dokar ta tsara, don dokokinmu ba sa makara in za su hukunta. An cire shi daga ƙungiya, an janye rangwamen, aka ce ya biya kuɗin zangon ƙarshe kamar kowa. Na kira shi na ce ni da wasu abokai za mu haɗa masa kuɗin. Ya durƙusa ya yi godiya, ya ce, "Malam, in na karɓa a hannunka, maganar Alhaji ta tabbata ke nan. Inna ba za ta ƙara fita biki ba." Ya ce a filin kokawa zai nemo. Kafin ya haɗa, an rufe rijista.

Na san hujjojin masu kare dokar, na ji su a ɗakin malamai har na haddace. Suna cewa in aka buɗe ƙofa karatu zai lalace, yaro zai bar aji ya bi kiɗa. To ai muna da dokar halartar aji, muna da jarrabawa. Wanda ya faɗi ya faɗi, ko ɗan kokawa ne ko ɗan liman. A kwalejin nan akwai ɗalibin da ke gyaran waya a bakin ƙofa, akwai mai jan adaidaita da yamma, akwai yarinyar da ke sayar da turaren wuta a ɗakin kwana, kuma muna yaba musu, muna cewa masu neman na kansu. Ɗalibi ya je musabaƙa ya ciyo keken ɗinki, mu shirya masa walima, kuma daidai muka yi. Sai wanda sana'arsa ke cikin ƙwanjinsa, shi kaɗai aka ce ya yi don Allah. In ƙungiya za ta tafi gasa, koci yana da alawus, direba yana da alawus, jami'in da ya je riƙe tuta yana da alawus, har da wanda ya je don a ce ya je. Mutum ɗaya ne a cikin motar da ba ya dawowa da komai, shi ne wanda bayansa ke iya taɓa ƙasa.

Za a ce ai an ɗauke masa kuɗin makaranta. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma rangwame ba ya shiga tukunya. Ɗalibin ƙauye ba shi kaɗai yake karatu ba. Gida guda ne ke jiran hutunsa. Hujjar da na yarda tana da nauyi ita ce ta 'yan caca da 'yan siyasar da za su so su saye yara. Wannan abin tsoro ne. To a kira shi da sunansa a hana shi, a ce ɗalibi ya sanar da makaranta inda zai yi wasa da wanda ya gayyace shi. Abin da ake yi yanzu, na haɗa ɗan caca da Alhaji Sale a buhu ɗaya, lalaci ne da aka sa wa rigar ɗa'a. Kuma haramcin bai taɓa hana yaro ko ɗaya shiga fili ba. Abin da ya koya musu shi ne in sun gurɗe a ƙauye su ɓoye, su zo atisaye suna ɗingishi suna cewa a banɗaki suka zame.

A nan ne nake da rigima da abokina, kuma tunda ba ya nan ya katse ni, bari in ƙarasa. Malam Haladu ya ɗauki wa dokar nan kaya a bayan babur har ta manta tana da nauyi. Da ya bar ta ta danne mutum ɗaya a gaban kowa tun a wancan lokacin, yana raye, yana da murya, shugabanni suna jin kunyarsa, mai yiwuwa da an gyara ta. Ya zaɓi ya ceci yaran da ke gabansa, ɗaya bayan ɗaya, kaka bayan kaka. Na san abin da zai ce: "Malam Nahawu, wanne daga cikinsu zan bari ta danne don ka samu abin rubutawa?" Amma alherin da ya tsaya a kan mutum ɗaya, ranar da aka kai mutumin makwancinsa tare ake rufe su. Abin takaicin ke nan, kuma ban san wa zan fi jin haushi ba, shi da ya yi, ko waɗanda suka zauna suna kallo yana yi musu.

Makon jiya na ji za a yi kokawa a wani ƙauye kusa da Garki, na hau motar haya na tafi. Rabona da fili tun marigayi yana raye. Aka ba ni benci a inuwa saboda furfura. Da Nafi'u ya shigo, ba rigar kowa a jikinsa, sai na ji sanƙira ya ɗaga murya: "Ga na Malam Haladu! Ga ɗan makaranta, na Malam Haladu!" Na tambayi na kusa da ni ko sanƙiran ya san marigayin. Ya ce shi dai tun tasowarsa haka ake yi wa duk ɗan kwalejin da ya shigo fili kirari, bai san ko waye ba, wataƙila wani tsohon ɗan kokawa ne. Nafi'u ya yi kaye mai kyau. Aka yi masa kari, ya miƙa hannu ya karɓa da kansa a gaban kowa. Da ya fito na lura yana ɗan jan ƙafar hagu. Na tambaye shi, ya ce ba komai, kafin kokawar Jahun za ta warware.

To ga abin da ya rage na Malam Haladu bayan shekara goma sha ɗaya. Sunansa yana bakin makaɗan da ba su taɓa ganinsa ba. Akwai malaman firamare da ma'aikatan asibiti a faɗin jihar nan da suka gama karatu saboda ƙannensu ba su kwana da yunwa ba, da yawansu kuma suna karanta wannan shafi. Ina fata su tuna cewa suna da baki, wasunsu ma suna zama a inda ake yanke hukunci. Akwai matar da har yau ake buga wa ƙofa da matsalar da ba tata ba. Dokar da ya yi ta ɗaga wa hannu kuwa tana nan da ƙoshin lafiya, ko waƙafi ba a taɓa mata ba.

Allah ya jiƙan Malam Haladu, ya yalwata masa makwanci, ya sa kowane damin da ya sauke a zauren wani ya tarar da shi a mizani. Mu da muka rage, Allah ya ba mu jin kunya tun muna da ikon gyarawa.

'Yan ajin su Nafi'u za su fara jarrabawar ƙarshe ranar Litinin. Shi a ranar yana Jahun, da ƙafa ɗaya da rabi, yana neman kuɗin rijistar baɗi.